Kujeru uku a tsakiyar fili: wa North Melbourne za ta sa cikin matasanta, wa zai jira?

Wani ɗan'uwa da ke bin gasar AFL, wato ƙwallon Ostareliya da ake bugawa da ƙwallo mai siffar ƙwai a fili mai faɗi, ya aiko da tambaya a kan North Melbourne. Ya ce ƙungiyar ta shekara da shekaru tana kwasar matasan 'yan tsakiya da lambobin farko a zaɓen ƙarshen shekara, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sabbin matasa bi da bi, to me ya hana koci ya zuba su duka a tsakiya ya ajiye tsofaffin? Kuma a cikin yaran, wa ke da makoma, wa za a yi asararsa?

Ɗan'uwa, amsar ta fara ne daga dokar wasan. Kowace ƙungiya tana da mutum 18 a fili, amma lokacin da za a tashi ƙwallo a tsakiya, mutum huɗu kacal ake bari su shiga dandalin nan mai mita 50 kowace kusurwa. Ɗaya daga cikinsu shi ne dogon da ke tsalle ya doko ƙwallon, a North Melbourne Tristan Xerri ke nan. Saura uku. Waɗannan kujeru uku su ne kowane yaro da aka ɗauko a matsayin ɗan tsakiya yake mafarki, kuma su ake rigima a kansu. Ana tashin ƙwallo a tsakiya a farkon kowane zubi cikin zubi huɗu, da kuma bayan kowace ƙwallo mai maki shida. Idan kowane ɓangare ya ci sha biyu, an tashi sau 28 ke nan. Sau 28 a kujeru uku ya ba ka gurbi 84 a wasa guda. Abin da koci ke rabawa ke nan, ba ƙari. Babban ɗan wasa shi kaɗai yakan cinye ashirin ko fiye. In kana da irinsa biyu, rabin abincin ya tafi kafin a waiwayi kowa.

Yanzu dubi waɗanda ke layi. Luke Davies-Uniacke, lamba 4 a zaɓen 2017, wanda ya sa hannu a kwantiragin shekara bakwai a 2025. Jy Simpkin, lamba 12 a 2016. Tom Powell, lamba 13 a 2020. Harry Sheezel da George Wardlaw, lamba 3 da 4 a 2022. Colby McKercher, lamba 2 a 2023. Finn O'Sullivan, lamba 2 a 2024. Ga kuma Luke Parker da aka kawo daga Sydney a ƙarshen 2024 don ya zama babba a cikinsu. Mutum takwas, kujera uku. Wannan tarin ya samo asali ne daga shekarun wahala: ƙungiyar ta ƙare a ta ƙarshe a 2021 da 2022, ta zo ta 17 cikin 18 a 2023 da 2024, kuma a tsarin AFL wanda ya fi shan kashi shi ke fara zaɓe. Ƙungiyar da ke fara zaɓe galibi ɗan tsakiya take ɗauka, domin a gasar 'yan ƙasa da 18 yaron da ya fi kowa iya wasa tsakiya ake sa shi, kuma shi ya fi sauƙin hasashe. Dogayen 'yan gaba da 'yan baya sukan ɗauki shekara huɗu ko biyar kafin a san ko za su yi. Haka ake wayi gari da 'yan tsakiya sun yi yawa, sauran wurare kuma da giɓi.

Ra'ayina a taƙaice: ba lambar zaɓe ake sawa a tsakiya ba, aiki ake sawa. Mutum ukun nan kamar duwatsun murhu suke, kowanne da gefen da yake tallafe, in ka jera biyu a gefe ɗaya tukunya ta kife ko da duwatsun sun fi na kowa kyau.

Aikin farko na wanda dogo zai doko wa ƙwallo ne. Kafin a tashi, shi da dogo sun riga sun yi magana da ido ko da yatsa, kuma ƙungiyoyi da yawa suna kwatanta wurin da fuskar agogo: ƙarfe sha biyu gaba sak, ƙarfe uku dama, ƙarfe shida baya. Wannan mutum yana bukatar taku biyar na farko masu zafi da hannun da ba ya ɓarin ƙwallo a ƙasa. Aiki na biyu na mai tare hanya ne. Shi zai sa kafaɗa ya danne abokin hamayyar da ke gadin na farkon, ya buɗe masa rariya, kuma in ƙwallo ta faɗi a tsakanin ƙafafu shi zai shiga da kai ya tono ta ya nausa wa na waje, wato ya miƙa masa ita da dunƙulen hannu. A takardar ƙididdiga ba a cika ganinsa ba, amma in babu shi na farkon ba ya taɓa ƙwallo. Aiki na uku na mai tsaron baya ne, wanda ke tsayawa ta ɓangaren ragarsu, tsakanin cunkoso da 'yan bayansa. In abin ya ƙwace, shi ne shinge na ƙarshe kafin abokin hamayya ya fito da gudu ta gaba.

Wannan aiki na uku shi ne inda matasa suka fi kasawa, kuma dalilin a fili yake. Yaro tun yana shekara goma sha biyu shi ne gwanin ƙungiyarsa, an saba masa da cewa inda ƙwallo take nan zai je. Ka sa irinsa uku tare, alƙali na sakin ƙwallo duk su ukun za su ruga kanta. In sun same ta, sai tafi. In ta zille ta faɗa hannun abokin hamayya, babu kowa a bayansu. Tun 2019 akwai dokar da ta tilasta kowace ƙungiya ta tsayar da mutum shida a gaba, shida a tsakiya har da na gefe biyu, shida a baya, duk lokacin da za a tashi ƙwallo a tsakiya. Ma'ana koci ba zai iya ɓoye ƙarin mutum a baya ya rufe kuskuren yaransa ba. Wanda ya ɓalle da ƙwallo ta gaban dandali zai tarar da 'yan gabansa shida kowa da mai gadi ɗaya tak, da fili a buɗe. Wanda yake son ganin yadda wannan ke kashe wasa ya nemi zubi na uku na wasan ƙarshe na 2021 a Perth. Western Bulldogs na gaba da maki 19, sai Melbourne ta fara ɓallewa daga tsakiya a jere ta hannun Clayton Oliver da Christian Petracca da Jack Viney, suna cin ƙwallo ana dawowa tsakiya suna sake ɓallewa. Aka tashi Melbourne ta yi nasara da ratar maki 74.

Daga kakar 2026 kuma an daina doka ƙwallo a ƙasa a tsakiya, alƙali jefa ta sama yake yi. Ƙwallon da aka jefa ta fi miƙewa, dogon da ya fi gwaninta zai fi samun kai ta inda ya nufa, don haka tsarin tsayuwa ya ƙara nauyi, sa'a ta ragu. Wannan ya ƙara wa mai tare hanya da mai tsaron baya daraja.

Sai maganar jiki, wadda masu kallo ta talabijin suka fi rainawa. Yaron da aka zaɓa a watan Nuwamba yana da shekara 18, bai daɗe da gama sakandare ba. A tsakiya zai haɗu da irin su Patrick Cripps na Carlton, mai tsawon santimita 195 da nauyin da ya haura kilo casa'in, wanda ya shafe fiye da shekara goma yana wannan turereniya. Ana yawan samun ratar kilo goma ko fiye tsakanin sabon yaro da cikakken ɗan ciki, wato ɗan tsakiyar da aikinsa shiga cunkoso ne. Ba ɗaga ƙarfe kawai ba ne: ƙarfin ƙugu da cinya ne ke sa mutum ya tsaya da ƙafarsa an rungume shi, ya ɗaga hannuwa sama ya nausa ƙwallo kafin alƙali ya hura masa laifin riƙe ta. Yaro mara wannan ƙarfi yakan samu ƙwallo, amma a kama shi da ita, ko ya harba ta sama ba tare da dubawa ba ta faɗa hannun ɗan bayan abokan hamayya. A takarda an rubuta masa ya fitar da ƙwallo daga cunkoso, a fili kuwa kyauta ya bayar.

Gudu ma haka. Zubi minti 20 ne amma ana tsayar da agogo duk lokacin da wasa ya tsaya, don haka yakan kai kusan rabin awa, wasan duka kusan awa biyu. Ɗan tsakiya yakan yi kilomita 12 zuwa 15, kuma abin da ke cin mutum shi ne maimaita gudu mai tsanani bayan kokawa. Tun 2021 an taƙaita canji zuwa 75 a wasa, wato ƙasa da 19 a kowane zubi ga ƙungiya gaba ɗaya. Da, lokacin da ake canji fiye da ɗari, ana iya fitar da yaro duk bayan minti biyar ya huta. Yanzu in kana da yara uku da kowanne ke bukatar hutu uku a zubi, sun cinye rabin rabon kowa, sai 'yan baya da 'yan gaba su kwana a fili. Wannan ya sa ƙungiyoyin matasa sukan yi kyau har hutun rabin lokaci sannan su narke. Ba rashin zuciya ba ne, ƙafa ce ta ƙare. Ƙarin mutum na biyar a benci da aka yi a 2026, bayan soke ɗan canjin ko-ta-kwana, ya ɗan sauƙaƙa, amma adadin canjin da ake da shi ne ke yanke hukunci.

In aka matsa wa jikin da bai nuna ba, inda yake karyewa sananne ne: tsokar bayan cinya, kumburin ƙashin mara, tsagewar ƙashin ƙafa ko na baya saboda yawan nauyi. Tsokar bayan cinya mai sauƙi mako uku ce zuwa huɗu, kuma wadda ta taɓa yagewa ta fi saurin sake yagewa. Buguwar kai kuwa doka ce, kwana 12 mafi ƙaranci a matakin AFL kafin a dawo.

Wardlaw shi ne misalin da ya fi nuna wannan. A cikin matasan North Melbourne babu wanda ya kai shi zama ɗan ciki na asali. Yana shiga cunkoso da gudu, yana kama mutum kamar yana bin sa bashi, kuma yana iya yin aiki na farko da na biyu duka. Matsalarsa ba iyawa ba ce. Tun kafin a zaɓe shi tsokar bayan cinya ta ci masa yawancin shekararsa ta ƙarshe a gasar matasa, ta kuma biyo shi AFL, ga buguwar kai da ta sha fitar da shi. Irin wasansa ne ke jawo masa, kuma ba za ka ce ya rage zafi ba, domin zafin shi ne ɗan wasan. Abin da za a iya yi shi ne sarrafa lokacinsa: ya shiga kusan kashi sittin cikin ɗari na tashin tsakiya, a bar shi ya huta a layin gaba maimakon benci a wasu lokuta, kuma in akwai wasa biyu da tazarar kwana biyar ko shida, a rage masa atisayen gudu mai tsanani a tsakani. In ya samu kaka biyu a jere yana buga wasa ashirin, shi ne zai zama ginshiƙin tsakiyar nan. In bai samu ba, duk lissafin ƙungiyar sai an sake shi.

Sheezel labarinsa daban ne. An ɗauko shi a matsayin ɗan gaba, koci Alastair Clarkson ya mayar da shi baya a 2023, shekararsa ta farko, ya ci kyautar matashin da ya fi fice a gasar, ya kuma ci kyautar gwarzon ƙungiyar a wannan shekarar. Wannan hanya ta fara yaro daga layin baya tana da hikima. A can wasan yana gabansa, yana ganin komai, ba a turo shi ta baya, yana samun ƙwallo da yawa ya saba da saurin manya ba tare da an niƙe shi ba. Collingwood ta yi haka da Nick Daicos a 2022 kafin ta shigar da shi tsakiya a hankali. Sydney ta ajiye Callum Mills a baya shekara biyar kafin ta ba shi tsakiya a 2021. Sheezel ya riga ya wuce wannan matakin. A watan Agustan 2025 ya taɓa ƙwallo sau 54 a wasa da Richmond a Hobart, ya kamo tarihin da Tom Mitchell ya kafa a 2018. Amma a ganina tambayar da ta dace a kansa ita ce a ina taɓawar tasa take. Ƙwallo talatin a bayan tsakiya, ana miƙa ta gefe da gefe, ba su kai goma sha takwas a gaban tsakiya ba in shida daga ciki sun zama maki. Shi mai gani ne kuma mai gamawa, don haka na fi son ya raba lokacinsa: kashi biyu cikin uku a tsakiya a matsayin wanda ake fitar wa ƙwallo, sauran a gaba, inda ɗan baya zai rasa yadda zai yi da shi. Kada a mayar da shi mai tono ƙwallo a ƙarƙashin mutane, wannan ɓarnar kaya ce.

McKercher gudu ne da ƙafar hagu. In ya samu taku uku a buɗaɗɗen fili ba a kamo shi. An fara shi a baya shi ma, kuma a can ya tara ƙwallo da yawa, sai dai a yi hattara da waɗannan alƙaluma, domin ɗan bayan da ke shigo da ƙwallo daga raga bayan an ci maki ɗaya yana samun taɓawa kyauta sau da dama a wasa. Wurinsa na gaskiya a yanzu gefe ne ko baya, da ɗan lokaci a tsakiya, kamar gurbi shida zuwa takwas a wasa, kuma a zaɓi lokacin: ƙarshen zubi, sa'ad da manyan abokan hamayya suka gaji, gudunsa ya fi ciwo. Abin da zai buɗe masa ƙofar tsakiya sosai shi ne a ga yana bin mutuminsa da gudun da yake bin ƙwallo. Akwai kuma wani abu da shugabannin ƙungiya ba za su manta ba: ɗan Tasmaniya ne, kuma sabuwar ƙungiyar Tasmaniya za ta shiga gasar a 2028. Yaron da yake jin an ajiye shi a wurin da ba nasa ba yana da inda zai kalla.

O'Sullivan bai daɗe ba, kuma abin da na fi so a wurinsa shi ne yana iya cafke ƙwallo a sama kuma ba ya ƙyashin aikin gadi. Irinsa ne ake rainawa ya zama mai tsaron bayan cunkoso. Hanya mafi kyau ta koya masa ita ce a manna shi da babban ɗan tsakiyar abokan hamayya na zubi ɗaya ko biyu, ya bi shi duk inda ya je. Yaron da ya bi gwani na rabin awa yakan koyi inda ake tsayawa fiye da abin da bidiyon wata guda zai koya masa.

To me ya sa ba za a ajiye su Parker ba? Domin wani dole ya yi aikin tare hanya, ya sha duka, ya kuma yi magana. A cikin daƙiƙa goma kafin a tashi ƙwallo, dole wani ya lura cewa abokan hamayya sun sauya tsayuwa, ya ce kai koma can, kai riƙe wancan. Koci yana can sama a ɗakinsa, ɗan saƙo kuma ba ya shiga kowane lokaci. Parker ya ci kofi da Sydney a 2012, ya buga wasa kusan ɗari uku kafin ya zo. Ba a kawo shi don ya fi yaran gudu ba. Sai dai akwai iyaka. In tsoho yana cinye gurbi ashirin a wasa a ƙungiyar da ba ta neman kofi a bana, to an sayi nasara ɗaya ko biyu da kuɗin shekara uku masu zuwa. Rabonsa ya riƙa raguwa kowace kaka, kuma a gaya masa tun farko.

Ga yadda zan raba gurbi 84 ɗin a wasa irin wanda muka lissafa, in kowa na da lafiya: Davies-Uniacke 21, Wardlaw 17, Sheezel 16, Parker 12, Powell 10, sauran 8 tsakanin McKercher da O'Sullivan. Sharaɗi biyu ke tafe da wannan. Kada a taɓa tashi ba tare da ɗaya daga cikin Davies-Uniacke ko Parker a ciki ba. Kuma kada a haɗa Sheezel da McKercher tare da wani mai son kai hari, sai da wanda aka ce masa kai ne na baya, ko ƙwallo ta zo gabanka kada ka bar wurinka. Za ka lura babu Simpkin a lissafin. Ya riƙe kambun kyaftin daga 2023 zuwa 2025, ya ci gwarzon ƙungiyar sau biyu, kuma ɗan tsakiya ne na gaske, amma a wannan cunkoson gefe da layin gaba ne suka rage masa, sai in wani ya ji rauni. Wannan shi ne farashin tara 'yan tsakiya, kuma ba ya faɗa wa yara kaɗai.

Labarin Will Phillips ya kamata duk mai cewa lamba ta isa ya duba. North Melbourne ta ɗauke shi a lamba 3 a 2020, shekarar da korona ta hana matasan jihar Victoria buga gasa, aka zaɓe su bisa abin da suka yi suna da shekara 17. Rashin lafiya ta cinye masa kakar 2022 gaba ɗaya. Kafin ya dawo an kawo Sheezel da Wardlaw, layi ya wuce shi. A 2024 aka ba shi aikin gadi, kuma a wasa da Collingwood a watan Yuni ya manne wa Nick Daicos, North Melbourne ta kai ratar maki 54. Aka cire shi kafin zubi na ƙarshe, Collingwood ta dawo ta yi nasara da maki ɗaya. A ƙarshen 2025 ƙungiyar ta sallame shi. Ɗan ciki ne da ba ya iya buga wani wuri, kuma wannan ita ce babbar alamar da ake dubawa a makomar yaro: in an hana shi tsakiya, yana da wuri na biyu? Wanda ke iya buga gefe ko gaba ko baya zai ci gaba da samun wasa yana jiran lokacinsa. Wanda tsakiya kaɗai ya sani, in bai shiga ukun farko ko huɗu ba, gasar VFL ta 'yan ajiya ce makomarsa.

Ɗayan gefen kuma Jason Horne-Francis ne, lamba 1 a 2021. Kaka ɗaya ya yi ya nemi komawa jiharsa, North Melbourne ta ba Port Adelaide shi a cinikin musanya da lambobin zaɓe. Cinikin ne ya ba North Melbourne damar ɗaukar Sheezel da Wardlaw tare, don haka ba a tashi a tutar babu ba, amma ya nuna cewa yaro mai babban suna ba ya jira har abada. Tun 2023 waɗanda aka zaɓa a sahun farko kwantiragin shekara uku suke samu a maimakon biyu, abin da ya ba ƙungiyoyi ɗan sarari.

Game da mayar da yaro VFL, ana yawan yin kuskure guda. A bar shi a babbar ƙungiya yana buga rabin wasa a gefen layin gaba, yana taɓa ƙwallo bakwai, a ce ana ba shi gogewa. Ba abin da yake koya a nan sai shakkar kansa. In ɗan ciki ne kuma babu gurbi, a sauke shi na mako uku ko huɗu a jere, ya buga tsakiya kashi tamanin cikin ɗari, a ba shi abu biyu kawai da za a auna, misali ya tsaya ta bayan mutuminsa a kowane cunkoso, kuma naushinsa na farko ya tafi ga wanda ke fuskantar gaba. Sharaɗin dawowarsa ya zama waɗannan biyun, a faɗa masa a fili. Sauke shi mako ɗaya a dawo da shi, a sake saukewa, shi ne ke lalata yara, domin a kowane wasa yana bugawa ne don kada a cire shi, sai ya riƙa farautar ƙwallo mai sauƙi don takarda ta yi kyau. Ƙwallo talatin da biyar a VFL ma ba hujja ba ce. Matsin can bai kai ba, kuma akwai 'yan wasa da yawa da suka fi ƙarfin VFL amma saurin yanke shawararsu bai kai na AFL ba.

In kana son ka auna yaro da kanka daga gida, bar kallon jimillar taɓawa. Dubi ƙwallo nawa ya ɗauka daga ƙasa ana turereniya, da inda ta je bayan ta bar hannunsa. Dubi abin da yake yi a daƙiƙa uku na farko bayan ƙungiyarsa ta yi asarar ƙwallo: ya juya da gudu ko ya tsaya yana ɗaga hannu? Fiye da rabin makin da ake ci a AFL daga ƙwace ƙwallo yake zuwa, ba daga cunkoso ba, don haka ɗan tsakiyar da ba ya komawa baya yana jawo asarar da ta fi ribar da yake kawowa. Sannan ka kwatanta zubinsa na farko da na huɗu. Masu horarwa sukan ce sai yaro ya kai wasa hamsin kafin a san ko wane ne, kuma jikin ɗan ciki sai ya sha atisayen share fage huɗu ko biyar kafin ya cika. A kaka mai wasa 23, wasa hamsin ya haura shekara biyu ko da bai ji rauni ba.

Bisa wannan ma'auni, Sheezel ya riga ya haye. Wardlaw iyawarsa ta haye, jikinsa ake jira. McKercher zai buga shekaru da yawa ko ya zama ɗan tsakiya ko bai zama ba, saboda gudu da ƙafa irin nasa kowace ƙungiya na bukata. O'Sullivan a ba shi har ƙarshen kakarsa ta uku kafin a yanke masa hukunci. Powell ne ke cikin matsi, domin yana tsakanin manya da ƙanana, kuma duk gurbin da aka ƙara wa yaran daga rabonsa ko na Parker zai fito. Zane Duursma, lamba 4 a 2023, ɗan gaba ne, kada a sa shi cikin wannan lissafi ko da an gan shi a tsakiya jefi-jefi. Abin da ƙungiyar ta fi bukata a zaɓe da ciniki na gaba shi ne dogayen 'yan baya da ƙananan 'yan gaba masu matsi, kuma in hakan na nufin a ba da ɗaya daga cikin takwas ɗin nan a musanya, to a yi tun yana da daraja a kasuwa.